Mu ma a ƙauye yaƙin ya same mu

Wani marubuci ya ce yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 bai taɓa ƙauyukan Arewa ba, wai don fagen daga yana can Gabas. Haba Malam! Ina yaro lokacin, a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Ba mu ji ƙarar bindiga ba, gaskiya ne, amma samari sun tafi soja, ƙanin babana bai dawo ba. Noman gyaɗa da auduga ya koma wuyan tsofaffi da mu yara. Da magariba a taru gindin rediyon mai unguwa, a kasa kunne ga Kaduna. Da gwamnatin Gowon ta canja takardun kuɗi a 1968 kuwa, da ƙyar aka lallashi kakata ta fito da nata daga cikin tukunya.