Kowa na son zama Pirlo, wa zai zama Gattuso?

Ƙannena masu buga ƙwallo, yau da ku nake. Duk inda aka zo rabon riga, lamba goma ake wawaso. Kowa so yake ya yanka mutum uku a yi masa ihu, amma da ƙwallo ta kuɓuce masa sai ya riƙe ƙugu yana jiran wani ya je ya ƙwato. To wa zai ƙwato?

A AC Milan, daga 1999 zuwa 2012, wannan aikin na Gennaro Gattuso ne. Ɗan Corigliano Calabro ne, can kudancin Italiya, an haife shi a 1978. Allah bai ba shi ƙafar Andrea Pirlo ba, kuma bai taɓa yaudarar kansa cewa yana da ita ba. Shi dai ya bi mutum, ya takura masa, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa Pirlo ya sarrafa. Wasa 73 ya buga wa Italiya, ƙwallo ɗaya tal ya ci. Da a wurinku ne da tuni kun ce bai iya ba. Amma da wannan aikin wahalar ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2003 da 2007, da kofin Serie A a 2004 da 2011, ga kofin duniya na 2006 a Jamus. Carlo Ancelotti, kocinsa a Milan, ya san ƙwallo fiye da ni da ku, kuma bai yarda ya ajiye shi a benci ba.

Kada ku ɗauka daga sama ya faɗo Milan. Yana ɗan shekara 19 ya bar Perugia ya tafi Rangers ta birnin Glasgow, ƙasar sanyi, ba yarensa ba. Da aka canza koci, Dick Advocaat ya mayar da shi baya ta dama, wurin da ba nasa ba. Sai ya dawo gida ya shiga Salernitana, ƙaramar ƙungiya, daga nan Milan ta hango shi. Ku kuwa mako biyu a benci sai fushi, sai a daina zuwa atisaye, wai koci ba ya son ku.

Akwai halinsa da ban ce ku ɗauka ba, wato zafin rai. A Fabrairun 2011, bayan wasa da Tottenham, ya sa kai ya tunkuyi Joe Jordan, mataimakin kocinsu, mutumin da ya haife shi a shekaru. An dakatar da shi wasa huɗu, ya fito ya ba da haƙuri. Rashin kunya ce, ko wa ya yi ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bayan ya rataye takalmi. Mutum mai kofin duniya a gida, amma koyarwa ta wulaƙanta shi yadda ya kamata. Sion ta Suwizalan ta sallame shi a 2013 bayan 'yan watanni. Palermo ma ta kore shi a shekarar, kakar wasa ko nisa ba ta yi ba. Ya tafi OFI ta tsibirin Kirit a Girka, inda albashin 'yan wasa ma ya gagara. Daga nan ya sauka har rukuni na uku ya karɓi Pisa, ya haurar da ita Serie B a 2016, ta sake faɗowa a shekara mai bi. Bai ce ya fi ƙarfin koyar da yara ba, ya karɓi matasan Milan a 2017, kafin a ba shi babbar ƙungiyar a watan Nuwamba. Wanene a cikinku zai yarda ya koma ƙasa haka bayan an san sunansa? Wasunku ko ɗaukar ragar atisaye suna ganin ƙasƙanci ne.

Da Milan ta rasa gurbin gasar zakarun Turai da maki ɗaya a 2019, ya ajiye aiki, ya yafe sauran kuɗin kwantiraginsa, ya nemi a biya mataimakansa nasu. Napoli ta ɗauke shi a Disamba, a gurbin tsohon maigidansa Ancelotti, ya ci mata kofin Coppa Italia a 2020 bayan doke Juventus a bugun fenareti. Ya ratsa Valencia da Marseille da Hajduk Split, babu inda ya daɗe, har aka damƙa masa tawagar Italiya a Yunin 2025.