Fam Ɗin Kawu

Duk wanda ya san Kawu ya san shi da ajiya, don haka ba sai na bayyana yadda aka yi ya fito da kuɗin Ingila daga tsohuwar jakarsa da ya ji zan tafi Landan ba. Ya sayar mini da su ƙasa da farashin 'yan canji, yana cewa zumunci ne ya sa.

A wani babban kanti abin ya faru. Na cika kwando, na isa gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi, na miƙa mata fam 20 ina murmushi. Ta juya takardar, ta ɗaga ta sama, ta murza ta, sannan ta kira wani ma'aikaci, shi kuma ya kira manaja. Manajan ya shaida mini, cikin irin ladabin nan mai ƙona rai, cewa fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki tun bayan 30 ga Satumba 2022, na roba ake kashewa yanzu. Na haɗiye yawu, na zaro sulallan fam ɗaya-ɗaya da Kawu ya ƙara mini a matsayin gyara, na zube su a gabansa. Bai ko taɓa su ba ya ce waɗannan zagayayyun an janye su tun Oktoba 2017, sabon sulen gefe 12 gare shi. Katin bankina kuma, da ya ga an fara wulaƙanta ni, shi ma ya ƙi aiki.

Manajan aikinsa ya yi, na yafe masa. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani dattijo da ke bayana a layi riƙe da jarida guda ɗaya tak. Ya roƙi a ba shi takardar ya gani, ya gyara tabarau, ya nuna wa matarsa hoton masanin tattalin arziki Adam Smith da ke bayanta, suka yi ta kaɗa kai kamar sun ci karo da hoton ranar aurensu. Daga nan ya juyo ya sanar da ni cewa Bankin Ingila yana canza tsofaffin takardu ba tare da wa'adi ba, kuma ofishin yana titin Threadneedle. Sunan titin nan ya maimaita shi da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, har mutanen layin da ke gefe suka juyo, alhali ina tsaye ina mayar da kayan kwandon ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ya faɗa, domin washegari sun canza mini takardun, sulallan ne suka ce ba sa karɓa. Amma abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, duk ilimin kuɗin da ya zuba mini, da layi ya zo kansa ko sisi bai fitar ba, wayarsa kawai ya ɗora a kan na'ura ta yi ƙara, ya ɗauki jaridarsa ya wuce.