Shekara talatin ana gina janar, rana ɗaya a sallame shi

Mutanen Zariya sun san soja tun yana ɗanye. A nan Depo take tun 1924, inda ake gasa kurata, ga kuma Makarantar Sojoji ta yara da aka buɗe a 1954, wadda Tunde Idiagbon ya yi. Gowon ma a Wusasa ya tashi, ya yi Barewa kafin ya sa kaki. Don haka in ana maganar yadda ake ɓarnatar da manyan hafsoshi, Zazzagawa na da bakin magana.

Hanyar doguwa ce. Yaro ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja a Kaduna, ya yi shekara biyar, ya fito da anini ɗaya a kafaɗa. Kafin kyaftin akwai jarrabawa, kafin manjo akwai wata. Sai kwas ɗin kwalejin hafsoshi ta Jaji, wanda in hafsa bai ci ba, da wuya ya wuce laftanar-kanar. Ya riƙe bataliya, rahoton shekara na shugabanninsa ya fito fes, sannan a tura shi Kwalejin Tsaro ta Abuja ko cibiyar nazarin manufofi ta Kuru. Rahoto ɗaya mara kyau, ko kwas da bai samu gurbi a kan lokaci ba, ya isa 'yan ajinsa su bar shi a baya. Wanda ya kai manjo-janar ya kusa cin shekara talatin, ƙasa kuma ta kashe masa kuɗi ba kaɗan ba.

To, sai a naɗa sabon hafsan hafsoshi daga ajin da ke ƙasa da shi. Al'adar soja ba ta yarda babba ya sara wa ƙaninsa ba, shi ke nan sai ritaya, ko da bai cika shekara 35 na aiki ba. Haka aka yi a 2021, bayan rasuwar shugaban sojin ƙasa Janar Ibrahim Attahiru a hatsarin jirgin sama a Kaduna, da aka ɗauko Faruk Yahaya daga aji na 37 na NDA. An sake gani a 2023.

Shugaban ƙasa na da ikon zaɓen wanda ya amince da shi, wannan ba gardama. Amma tsallake aji biyu ko uku a lokacin da ake fama da 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari da Giwa asara ce. In dole ne a tsallake, a samo wa waɗanda aka tsallake gurbin koyarwa na kwantiragi a Jaji da NDA da Depo, inda ba sai sun karɓi umarni daga ƙannensu kai tsaye ba.