Masu kai mutane bakin teku da damina, ku ji tsoron Allah

Abin da ke ɓata mini rai da masu shirya tafiyar yawon buɗe ido a nan Zariya shi ne, kuɗi kawai suke kallo, ba ruwansu da yanayin gari. Za su watsa hotuna a WhatsApp, rana ƙal, yashi fari tas, su ce a zo a je Legas a ga teku a watan Yuni ko Yuli. Hotunan nan kuwa da rani aka ɗauke su.

Ai Yuni ne tsakiyar ruwan Legas. Sai Agusta yake ɗan lafawa, lokacin da mu nan muke cikin marka.

Mun biya, mun kwashi yara tun daga Samaru, yini guda cur a mota, aka wuce da mu can ƙuryar Lekki, zirin ƙasar da ke tsakanin tafkin Legas da tekun Atlantika. Ruwa ya cika titi, mota na rarrafe. Da muka isa, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ba uwar da za ta bar ɗanta ya matsa kusa. Sai zaman ɗaki. Rigar da na shanya da asuba har magariba da danshinta, katifa na warin raɓa, kilishin guzurinmu ya yi laushi. Yarinyata ta tsaya a taga tana tambaya, "Baba, yaushe za mu fita?"

Da na yi wa mai shirin magana, wai ruwa na Allah ne. Haka ne, amma wa ya zaɓi watan? Disamba da Janairu suna nan, sararin sama a buɗe.