Hanci Zaure Ne

(Safiyar hunturu, rumfar mai shayi a bakin Tsohuwar Kasuwa, Sakkwato. Ja'e ya iso da ɗansa ɗan shekara 7, baki buɗe, yana murza hanci da tafin hannu.)

Ja'e: Wanzam, wanga yaro wata biyu shina atishawa. Da dare ƙirji nai kuwa sai busa, kamar sarewa.

Wanzami: Beli ne! Riƙe min shi.

Malamin asibiti: Kai ko akuya ta yi tari, beli ne. Ja'e, akwai zazzaɓi?

Ja'e: Babu. Majina dai tsararo kamar ruwa, da ƙaiƙayin ido.

Malam: To ba mura ba ce, mura kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Borin hanci ne. Jikinsa ke faɗa da ƙura, hayaƙin icce, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa.

Ja'e: Ni ƙirji na kawo ƙara, kai kana shari'ar hanci.

Malam: Hanya guda ce. Hanci zaure ne, nan ake tace iska, a ɗumama ta, a jiƙa ta. In ya kumbura ya toshe sai yaro ya buɗe baki, busasshiyar iska mai sanyi ta faɗa huhu ba sallama.

Wanzami: Ba sallama? Rashin tarbiyya!

Malam: Ƙananan hanyoyin iska su kumbura, su matse. Sarewarka ke nan, kuma hanyar fuka ke nan.

Ja'e: To mi za a yi?

Malam: Ruwan da aka tafasa ya huce, kofi guda, mililita 250, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A wanke hanci safe da yamma.

Ja'e: Nono ba ya yi?

Malam: Bar nono a ƙwarya. In likita ya rubuta maganin fesawa a hanci, yaro ya ɗan sunkuya, bakin kwalbar ya kalli wajen kunne. In ka saita tsakiyar hanci, haɓo zai biyo. Kullum ake fesawa, yakan kai sati biyu kafin ya kankama, nan mutane ke gajiya su yar. Na ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, kar ya wuce kwana 3, toshewar ninkuwa take yi.

Wanzami: Duk ba jini? Wane irin magani ne wanga?

Malam: Ja'e, kai shi asibiti ya hura na'urar awon numfashi, sau 3, a ɗauki mafi girma. In wata rana ya kasa kashi 80 cikin 100 na mafi girman awonsa na lokacin lafiya, huhu ya fara matsewa. In ya kasa 50, ko ka ga tsakanin haƙarƙari na lotsawa, ko magana ta gagara, kar ka jira asuba.

(Iska ta kwaso ƙura. Wanzami ya jera atishawa huɗu.)

Ja'e: Beli ne! Malam, riƙe min shi. Ina askar?