Nawa tsohuwar M3 za ta yi? Lissafin Ingila da na gida

A kasuwar motoci ta gida Najeriya, tambayoyi kaɗan ne ke yanke farashi: ta wace shekara ce, fentinta na asali ne, AC na sanyi, takardun kwastan sun cika? Ga Corolla ko Camry wannan ya wadatar. Ga tsohuwar mota mai gudu irin BMW M3 kuwa, wanda ya tsaya a nan zai biya kuɗin lafiyayya ya koma gida da majinyaciya. A nan Ingila inda nake zaune, mai saye ya fi daɗewa a kan fayil ɗin rasit fiye da zagaya motar, kuma a ganina su ke da gaskiya, ko da yake akwai inda lissafinsu ke rushewa idan an kai shi Kano ko Abuja.

Mu ɗauki M3 ƙirar E46, wadda aka yi daga 2000 zuwa 2006. Injinta S54 ne, silinda 6 a jere, lita 3.2, ƙarfin doki 343, yana juyawa har sau 8,000 a minti. Sai ka ga guda biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ta ninka 'yar'uwarta a kuɗi. Mai giyar hannu ta fi mai SMG (giyar da ba ta da fedar kuloci) tsada, alhali giyabos ɗin iri ɗaya ne, famfon haidurolik da kwamfuta ne kawai ke taka kuloci a SMG, kuma famfon nan idan ya tsufa yakan bar mutum a tsakiyar titi ba giya. Mai rufin ƙarfe ta fi mai buɗaɗɗen sama. CSL ta 2003, wato samfurin M3 na musamman, wadda ba a ƙera 1,400 cikakku ba, kasuwarta daban ce, ba a sa ta a wannan lissafi.

Kuɗin da ke rubuce a tallar shafukan sayar da motoci irin Auto Trader ko PistonHeads buri ne na mai kaya. Farashi shi ne inda aka sallama, kuma shafukan gwanjo irin Collecting Cars suna barin sakamakon cinikin da aka kammala a fili. Ka tattara biyar ko shida da aka sayar cikin shekara guda, giya iri ɗaya, rufi iri ɗaya, tazarar tafiyarsu ba ta wuce mil 20,000 ba. Ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki tsakiyar sauran. Daga nan sai ka fara cire kuɗin aikin da ba a yi wa wadda ke gabanka ba.

Ayyuka uku ne manya. Na farko metal ɗin konrod, wato siraran ƙarafan da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf. A S54 yana cinyewa a hankali saboda yawan juyawar injin, musamman idan ana taka mota tun baƙin mai bai yi zafi ba. Kamfanin da kansa ya taɓa kiran motocin farko-farko aka canza musu. Metal ɗin ba ya ba da sanarwa sosai, ranar da ka ji ƙara to karanshaf ya riga ya tafi. Na biyu VANOS, na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul: robobinta na bushewa, kusoshinta na kwancewa, haƙoran da ke juya famfonta na karyewa. Na uku, wanda dillali ba zai taɓa nuna maka ba, ƙasan but inda ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ya ɗauru. Ƙarfen jikin motar yakan tsage a wurin, gyaran kuma sai an sauke ƙafar baya gaba ɗaya an yi walda an ƙara faranti. Metal ko waldar nan, kowanne yakan kai fam 1,000 ko ya haura a garejin da ya san aikin. Idan babu rasit, ka ɗauka ba a yi ba, ko da mai motar ya rantse.

Abin da ya sauƙaƙa wa masu saye a Ingila shi ne tarihi ba ya ɓoyuwa. Da lambar mota kawai za ka buɗe sakamakon gwajin lafiyar mota na hukuma, wato MOT, na kowace shekara tun 2005, kyauta, da adadin mil ɗin da mita ta nuna a ranar. Binciken tarihin mota da ake kira HPI zai gaya maka ko akwai bashi a kanta, ko kamfanin inshora ya taɓa haƙura da gyaranta bayan ta lalace, ya sa ta a rukunin Cat S ko Cat N. A littafin sabis kuma akwai hatimin sabis na farko da ake yi a mil 1,200, wanda rashinsa kaɗai kan sa masu saye su ja baya.

A gida abin ya juye. Abin da ke rage wa mota daraja a Ingila shi ke ƙara mata a gida: sabon fenti, manyan rim, fitilun da aka sauya don ta yi kama da ta baya-bayan nan. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka buɗe bonet ka tarar an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa salansa an kwashe indomi (matatar hayaƙi), an zuba baƙin mai 20W-50 a injin da 10W-60 aka rubuta masa, lita 5.5. Injin Beljiyom da aka ɗora ana faɗarsa da alfahari, alhali ba wanda ya san tarihinsa. Mita kuwa, ba MOT da za ta ƙaryata wanda ya mayar da ita baya. Mafita ita ce a jona kwamfuta, domin E46 na ajiye adadin tafiya a kwakwalwar fitilu ban da ta mita. Idan daga Amurka ta zo, a bincika lambar VIN, wato lambar jikin mota, sau da yawa hotunanta na gwanjon Copart ko IAA suna nan a intanet, da yadda gabanta ya kasance kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta.

Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa da ke ganin farashin fam su ninka da canjin naira su ce ga darajar motarsu. Ta Ingila sitiyarinta a dama yake, doka ba ta yarda da irinta a titin Najeriya ba, don haka ta Jamus ko Amurka ce abin kwatance. Tsatsar da gishirin titi ke jawowa a nan ba ta dami ta gida ba, amma rana ta gasa daskbod, ta busar da robobin lagireto. Injin na son fetur mai lamba 98, aƙalla 95, wanda ba shi ake samu a yawancin gidajen mai ba. E46 ta wuce shekarun da aka yarda a shigo da mota a hukumance, waɗanda ke ƙasa su ne ke nan, amma ƙarancin bai sa ta tsada ba tunda masu nemanta tsiraru ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sun ƙara raguwa. Kayan E46 ta gama-gari ana samu a Ƙofar Ruwa ko Ladipo, na S54 sai an yi oda an jira.

Don haka a gida ka nemi tayi na gaske daga mutum uku masu kuɗi a hannu, ba ta bakin dillalin da la'adarsa ke hawa da farashi ba. Kafin a fara ciniki a ɗaga motar, a haska ƙasan but da tocila, a tayar da injin da sassafe yana sanyi, bakanike na tsaye yana saurare.