Tagullar Saudiyya: a bambanta ƙiyasi da abin da za a iya haƙowa

A watan Janairun 2024, a taron ma'adinai na Riyad, ministan masana'antu da ma'adinai Bandar Alkhorayef ya sanar cewa darajar arzikin ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar Saudiyya ta tashi daga dala tiriliyan 1.3 zuwa 2.5. Tun daga nan, a majalisun Hausawan Jidda da Makka, sai ka ji ana cewa tagulla ta kusa gaje kujerar man fetur. Ni dai a ganina an yi azarɓaɓi.

Wancan adadi jimla ce ta komai da komai, zinare da fosfat da tutiya da tagulla da sauransu. Kuma ƙiyasi ne. Masu sana'ar haƙa ba sa haɗa dutsen da ake zaton yana da tagulla da wanda aka huda, aka ciro samfurinsa, aka auna, aka lissafa kuɗin haƙowa da niƙawa da dakonsa zuwa tashar jirgin ruwa, har aka ga riba za ta fita. Na biyun ne kaɗai tabbataccen ajiya, shi banki ke dubawa kafin ya ba da rance. Shi ma ɗin ba a tsaye yake ba. Idan farashi ya faɗi, dutsen da jiya ake ƙirga shi a dukiya sai ya koma tarkace, alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Ba a banza aka tsananta waɗannan ƙa'idoji ba: a 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu, bayan an gano cewa barbaɗa zinare aka riƙa yi a samfuran Busang ta Indonesiya, kuɗin jama'a suka salwanta. Bayan haka ne Kanada ta wajabta sa hannun ƙwararre a kan irin wannan rahoto.

Buɗaɗɗen rami kuwa, wanda shi ne ke ba duniya mafi yawan tagullarta, lissafinsa ya fi tsauri. A yawancin irin waɗannan ramuka, tan guda na dutse ba ya ba da kilo 10 na tagulla, kuma kafin a kai gare shi sai an kwashe tulin dutsen banza da ke kansa. Yawa ne ke kawo riba, yawa kuma ruwa yake sha. Escondida ta Chile, mahaƙar da ta fi kowace fitar da tagulla, kusan tan miliyan 1 a shekara, a hamadar Atacama take. Ruwan teku ake tacewa a turo mata ta bututu zuwa tsayin mita 3,000. Duk wanda ya san yadda Jidda ke samun ruwan sha ya san wannan ba arha ba ne.

To me ke ƙasa a Saudiyya? Mahaƙar Jabal Sayid, wadda kamfanin ma'adinan Saudiyya Ma'aden da kamfanin Barrick na Kanada suka raba biyu, ta fara cikakken aiki a 2016, tana fitar da kimanin tan dubu 60 a shekara, kuma ta ƙarƙashin ƙasa ake haƙarta. Mahaƙar Al Masane ta yankin Najran ma ta ƙarƙashin ƙasa ake haƙarta. Sanannen buɗaɗɗen ramin Ma'aden na Ad Duwayhi na zinare ne.

Hukumomi sun san da wannan giɓi, kuma a nan sun cancanci yabo. Sabuwar dokar ma'adinai ta fara aiki a 2021, a 2022 aka yi gwanjon lasisin binciken yankin Khnaiguiyah mai tutiya da tagulla. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kamfanin Manara, na Ma'aden da asusun zuba jarin gwamnati, ya sayi kashi 10 cikin 100 na sashen ƙarafan kamfanin haƙar ma'adinai Vale na Brazil. Wato su kansu ba su zauna jiran abin da ke cikin duwatsun Hijaz ba, domin daga gano ma'adini zuwa fara sayar da shi akan haura shekara 10.

Saboda haka idan wani ya zo maka da maganar saka kuɗi a "ramin tagulla", hujjarsa tiriliyan 2.5, cinikin biri a sama yake so ku yi. Wanda kuma ke sha'awar hannun jarin Ma'aden, da ke kasuwar hannun jarin Saudiyya, Tadawul, tun 2008, ya buɗe rahoton shekara ya nemi shafin tabbataccen ajiya, ya ga tan nawa ne, kashi nawa ne tagulla a ciki, kuma da wane farashi aka yi lissafin.